Allura ta ƙi kama ni ranar cire haƙori, ga na biyu kuma yana jirana

Telan Badariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya biyu ke tafe da ni, kuma na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, amma ku bari in kai ƙarshe.

Ni tela ne a nan Birnin Kebbi, shekarata 16 a kan keke. Wanda ya taɓa zama shagon tela ya san almakashinmu na biyu a baki yake. Da haƙori nake tsinke zare, a baki nake riƙe allura, in dare ya raba aiki bai ƙare ba sai shayi mai cokali huɗu na sukari da 'yar alewa a kunci don kada gyangyaɗi ya sa in ɗinke yatsana. To turmina na ƙasa, ɓangaren hagu, na kusa da ƙurya, ya yi kogo tun bara. Da fari ruwan randa kaɗai ke tayar da shi. Da hunturun nan ya shigo kuwa, ko hamma na yi iska ta shiga sai in ji kamar an taka keke allura ta sauka a cikin kunnena.

Ban je asibiti ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Disamba ce, ankon biki uku na kwance a shago, ga kayan 'yan makaranta na Janairu. Na cusa kanumfari, na cusa auduga da turare, na sha farasitamol kamar mai cin gyaɗa. Maƙwabcin shagona mai gyaran babur har ruwan batir ya kawo mini a murfin gora, ya ce ɗigo ɗaya ya isa, Allah Ya taimake ni tsoro ya hana ni. Haka na yi ta lallaɓawa kusan mako uku, sai ranar da wata mai kawo ɗinki ta shigo da safe ta dube ni ta ce, "Malam, goro ne ka cika baki da shi tun yanzu?" Na duba madubin gwaji, kuncina ya yi suntum.

Wurin da na je ba zan ambace shi ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma ni ma da nawa laifin. Benci cike da mutane, wanda zai cire mini yana ta sauri. Ya kwantar da kujerar, ya haska mini fitila a fuska, ya yi allura can ƙuryar baki. Ba a fi minti biyu ba ya ce, "Leɓenka ya yi nauyi?" Ni kuwa leɓena garau yake, amma ga 'yan mata biyu masu koyon aiki tsaye a kaina, ga mutane na jira a waje, sai kunya ta sa na ce eh. Wallahi na biya kuɗin wannan "eh" ɗin.

Da ya kama haƙorin da ƙarfensa ya jijjiga, wani abu ya taso daga muƙamuƙina ya bi kunne ya hau tsakiyar kai. Na yi gurnani, ya ƙara allura, ya sake kamawa, sai na ji ƙas! Kan haƙorin ya karye, saiwoyi suka rage a ciki. Daga nan aka koma haƙa, guntu-guntu, yana jefawa a wani ɗan faranti ina jin ƙararsu. Hawaye na gangara cikin kunnuwana saboda a kwance nake. Abin da ya riƙe mini hankali a lokacin, ku yi dariya in kuna so, aljihun farar rigarsa ne. Wanda ya ɗinka ya karkatar da shi, ɗinkin ma ya tattare a gefe guda. Shi na zuba wa ido ina lissafin yadda zan farke in gyara, har aka gama. Agogon bango ya ce minti 40, ni a wurina wuni ne cur.

Aka sa mini auduga na cije, aka rubuta magani, aka kira na gaba. Babu wanda ya ce mini yi kaza, bar kaza. Na iso gida la'asar ta yi, na zauna alwala na kurkure baki sau uku da ƙarfi yadda na saba, ina tofar da jini. Da dare Inna ta aiko da ruwan zafi da gishiri, shi ma na yi ta kurkura. Kwana biyu lafiya lau, har na koma kan keke. A na uku ciwo ya dawo, wanda ya fi na kafin cirewa, ga wani wari da ni kaina nake kawar da kai. Na leƙa da fitilar waya, ramin wayam, sai wani fari-fari a ƙasa. Da na koma wata ma'aikaciya ta wanke ramin ta cusa wani abu mai ƙanshin kanumfari, kafin in kai bakin titi na ji duniya ta dawo. Ita ce kuma ta ce akwai wani na sama a dama da ya fara kogo, in dawo.

To tambaya ta farko: dama haka ake yi, allura ta ƙi kama mutum? Ko jinina ne mai ƙarfi kamar yadda abokai ke cewa? Don in haka za a sake, gara in zauna da kogona.

Ta biyu: tun abin nan barcina ya lalace, ƙarar keke da janareto har cikin haƙora nake jin ta. Ina so in rufe shago kwana biyu in je inda akwai ruwa da itatuwa, babu hayaniya, ba nisa, ba tsada, kuma hanya lafiya. Abin kunya, a Kabi aka haife ni amma Matan Fada, kogin nan na Argungu, sau ɗaya na taɓa zuwa, ranar bikin kamun kifi, shi ma ƙeyar mutane na kalla. Ina zan nufa? Kuma kafin a taɓa na biyun zan je ko bayan an taɓa?

Mahaucin Jega:

Wa'alaikumus salam. Sannu Malam Tela, Allah Ya ƙara sauƙi. Na yi dariya har yarona ya leƙo, ba don mugunta ba, kaina na gani. Kai ka ma yi hankali da ka nufi asibiti. Ni wurin mai cire tsutsa na fara zuwa a kasuwa. Ya zuba 'ya'yan wani tsiro a kan garwashi, ya kifa mazurari, ya ce in buɗe baki hayaƙi ya shiga. Can sai ya nuna mini wasu 'yan farare-farare a kwanon ruwa, ya ƙirga bakwai, ya ce ga masu cin haƙorinka nan. Na biya har da tukwici. Ashe sauran kiwo suka tafi, don kafin isha'i sun dawo gida, ciwo ya ninka. Da aka zo cire nawa allura ta kama, ban ji komai ba sai turawa da wata ƙara kamar ana fasa ƙashin sa. Wahalata ta bayan nan ce: kwana goma mahauci na zaune gaban tsire da balangu yana shan kunu. Batun yawo kuwa, in ka je Argungu kada ka yarda Sarkawa su cika ka da kifi. Ƙaya ce zalla, ta shige ramin nan ka dawo mana da sabon labari.

Anti Nas:

Malam Tela, sannu. Shekarata 11 a sashen haƙori ina taimaka wa likita a gefen kujera, irin naka na gani ba adadi. Ba jininka ne mai ƙarfi ba.

Da kumburi ka zo. Inda mugunya ta taru naman wurin yakan yi tsami, maganin allurar kuma ba ya ratsa jijiya sosai a wuri mai tsami, ga jijiyar kanta ta riga ta fusata. Shi ya sa wanda ya zo da wuri yake tashi yana cewa "har an gama?", wanda ya yi mako uku yana cusa turare kuma yake ganin tashin hankali. Ga shi turmin ƙasa ne. Ƙashin muƙamuƙin ƙasa yana da kauri, magani ba ya ratsa shi kamar na sama, sai an bi babbar jijiyar can baya an kashe ta daga tushe. In ta kamu, rabin leɓenka na ƙasa da gefen harshe za su yi nauyi kamar ba naka ba, hakan kuma yakan ɗauki minti biyar zuwa goma. Minti biyu ya yi kaɗan, wannan kuskuren wanda ya yi maka aikin ne. Amma "eh" ɗin nan taka fa, Malam! Mu ba mu da na'urar da ke nuna mana leɓen mutum ya mutu, bakinka muke jira. Maza sun fi yi mana haka, musamman in da mata a ɗakin. Turawa da jijjiga da ƙara dole ka ji su, allura ba ta ɗauke su. Zafi mai suka ne bai kamata ka ji ba. Ku shirya tun kafin a fara: in na ɗaga hannun hagu a tsaya.

Ciwon kwana na uku kuma ga yadda yake. Bayan an cire haƙori jini yakan daskare a ramin ya zama murfi, a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Kurkurar la'asar da ruwan zafin Inna su suka fitar da murfin, ƙashi ya zauna a buɗe, iska da abinci na taɓa shi. Farin da ka hango da fitilar waya ƙashinka ne. Yakan taso kwana biyu zuwa huɗu bayan cirewa, an fi ganinsa a turamen ƙasa, da inda aka sha wahalar cirewa, da masu shan sigari. Kafso ba shi ne maganinsa ba, sai wankewa da cusa maganin nan mai man kanumfari, da haƙurin mako ɗaya zuwa kwana goma. Laifinmu ne mu ma'aikata da ba a gaya maka ba, alhali maganar minti ɗaya ce: awa 24 na farko ba kurkura, ba tofi, ba zuƙa da tsinken shan lemo, ba abu mai zafi, ba sigari. Maganin Inna daidai ne, lokacin ne bai yi ba. Ruwan gishiri mai ɗumi daga washegari ake farawa, shi ma a riƙe a baki, a karkata kai, a bar shi ya zubo da kansa.

Na biyun kada ka yanke masa hukunci tukuna. Tunda bai fara hana ka barci ba, mai yiwuwa ciko kawai yake so, kuma na sama ne, allura ta fi saurin kama shi. Ka nemi a ɗauki hoto. Ka ci abinci, ka zo da safe kafin layi ya yi tsawo hankalin kowa ya tashi. In kana da hawan jini ko ciwon suga ko gyambon ciki ka faɗa kafin a rubuta maka magani.

Ruwan batir kuwa, don Allah ka gaya wa maƙwabcinka asid ne. Na ga dasashin da ya ƙone har ƙashi saboda shi. Yayana na Jega, abin da ka gani a kwano daga cikin 'ya'yan tsiron ya fito da zafi ya fasa su, babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, su ci sukarin da ya maƙale su fitar da tsami, tsamin ya ci haƙori. Cokali huɗun Malam Tela da alewar kunci dai. Duk kuma wanda ya ga kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, ga zazzaɓi, wannan ba na jiran safiya ba ne.

Tafiya sai bayan an gyara. In ciko ne, washegari ma ka kama hanya. In cirewa ce, ka zauna kusa da asibiti kwana huɗu ko biyar tukuna.

Tsohon Basarke, Argungu:

Ɗana Tela, sannu da jiki. Ni ban iya latsa wayag ga ba, jikana ka rubutawa ina hwaɗi. Haƙoran da sunka rage min ba su cika goma ba, don haka wanga fanni ba ni da ta cewa, ka bi abin da ɗiyag ga tac ce ma. Guda ɗai za ni ƙarawa: kurkurar baki ga alwala sunna ta, ba farilla ba, haka malamanmu sunka karantar da mu. Da ka bar ta ranan nan, da alwalarka ta yi, sallarka ta yi.

Zancen ruwa kau, ka zo gida. Ku mutanen birni ranar biki ɗai kunka san Matan Fada. Ranan nan ai ba a ganin ruwa, sai goruna da homa da kawunan mutane, ga ƙura ga jiniya. Taho ranad da ba kowa. Daga Birnin Kabi mota ba ta cika awa guda in ba ta tsaya ɗaukar buhuna ba. Ka kwana cikin gari, ka yi asuba, ka naɗe bakinka da rawani don sanyin ga ba ya raga ma mai rami, ka gangaro kahin rana ta hito. Za ka iske hazo kwance bisa ruwa kamar an shanya alawayyo. Zalɓe na tsaye da ƙahwa guda, kirinjijiya na wucewa garke-garke suna kukansu, kihi na bugun ruwa nan da can don ya san ba mai taɓa shi. Wurin ga an hana yin su cikinai shekara duka sai ranar biki, Sarkin Ruwa ka tsaron wagga doka, kak ka zo muna da ƙugiya. Ka dai riga masu injin ban-ruwa, don in hantsi ya yi sunka tada su, kamar ka koma shagonka da janareto na.

Mahaihina shina yaro anka hwara bikin ga yadda kunka san shi, 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu yaz zo Argungu bayan shekarun gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Yac ce muna an duba mi za a nuna ma baƙo wanda ba shi da irinai gida, anka nuna mai ruwa da kihi. Jikana ya ce in ƙara da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin kundinta na al'adun gargajiya 2016. Ni dai na ce mai giwan ruwa bai san da wannan ba.

In rana ta yi zahi ka shiga gidan tarihin Kanta. Nan at tsohuwar hwada har 1942, anka maishe ta gidan tarihi 1958. Akwai tambura, da kayan yaƙi, da kayan su na kakanninmu, kuma sarakunan Kabi na kwance nan, ka yi musu addu'a. Da marece ka samu yaro mai jirgi shi zaga da kai, ka ga shinkahwar rani tana tasowa, da bado, da shanun Hillani na ƙetare ruwa kawunansu ɗai a waje. Ka zamna tsakiyar jirgi, kak ka miƙe tsaye don ɗaukar hoto.

Shi kau wancan barunje na Jega mai cewa kihi ƙaya na, a hwaɗa mai tarwaɗa ƙayarta ga tsakiya take, namanta kau ko mara haƙori irina ya haɗe. A yi ma farfesunta, kar a cika yaji, ka bari shi huce. Wa yat taɓa karya haƙori ga kihi? Ƙashin sa da jijiyar raƙumi da Rundawa ka saida ma mutane, su ka cika asibiti.

Mahaucin Jega:

Baba, Allah Ya ja kwana. Haƙora 32 Allah Ya ba baligi. Kai da ka haura 70 kana cin kifi, da bakinka ka ce ba su cika goma ba. Ni mai cin jijiyar raƙumi saura 31. Ban ce komai ba, jama'a su yi lissafi.

Maman Biyu, Yelwa:

Sannu Yaya Tela. Ni abin da zan ce, in an duba aka ce jijiya ta taɓu amma haƙorin zai tsira, kada ka yi saurin cewa a cire ka huta. Nawa na bayan fiƙa ne, ina da cikin 'yan biyu wata biyar a lokacin. Surukata ta ce ba a taɓa wa mai ciki haƙori, na yi wata guda ina kwana a zaune da tsumma a kunci, sai a wurin awo suka ce wa ya gaya miki, suka tura ni. Wankin jijiya aka yi mini, zuwa uku. Ana huda haƙorin, a sa wasu 'yan siraran allurai kamar na ɗinkin hannu a zaro jijiyar, a wanke ramin a toshe. A zuwan farko da allurar ta taɓa ƙasa, na damƙe hannun ma'aikaciyar har zobenta ya yi shaida a tafina. Sauran biyun gajiyar buɗe baki ce kawai. Kuɗin ya ninka na cirewa wajen sau huɗu, maigida ya yi ta mita, amma yau shekara shida yana nan, da shi nake tauna.

Yawuri kuma muna gayyatarka, sai dai ba wannan karon ba. Baba ya fi ni gaskiya, Argungu ce ta kwana biyu. Mu sai ka bi Kalgo, Jega, Koko, ka ci rabin wuni a mota, mai sabon aiki a baki kuwa duk ramin da taya ta faɗa a muƙamuƙi zai ji shi. In ka warke ka zo da iyali. Ruwanmu ba irin na Argungu ba ne, Neja ce, kuma tun da aka datse ta a Kainji a 1968 ta baje a nan, akwai inda za ka tsaya ka hango tsallake siriri kamar zare. Ni wurin hutuna bakin ruwa ne bayan la'asar, lokacin da jiragen tsibirai ke komawa gida an loda buhuna da babura da awaki, mata na wanke-wanke, masu gasa kifi sun fara hura wuta. Ko sisi ba na kashewa, a kan jirgin da aka kife nake zama da 'yar gyaɗata. In za ka hau kuwa ka nemi rigar ruwa, kada ka shiga wanda aka cika maƙil, kada ka yi dare. Mu nan ba mu manta hatsarin jirgin ruwan Warra na 2021 ba. Hanya kuma ka tambayi direbobin tasha ranar da za ka taso, su suka fi kowa sanin inda ake bi da inda ba a bi.

Telan Badariya:

Jama'a na dawo da rahoto, a yafe mini jinkiri.

Anti, na bi maganarki tiryan-tiryan. Na karya da koko da ƙosai, ƙarfe takwas ina kan benci, ni ne na biyu. Wani likitan na samu daban, na kwashe labari duka na gaya masa har da "eh" ɗin, ya yi dariya ya ce yau sai ka rantse kafin in yarda. Aka ɗauki hoto, ya nuna mini kogon, bai kai jijiya ba. Allura ɗaya ya yi, ya tafi ya duba wani ya dawo, ya soka wani tsinke a dasashi ya ce me ka ji, na ce babu, kuma wannan karon gaskiya na faɗa. Injin hudawar nan mai kukan sauro shi ya fi damuna. Sau ɗaya na ɗaga hannu, shi ma ba zafi ba ne, ruwa ne ya taru mini a maƙogwaro. Minti 20 an cike.

Asabar na rufe shago, na rubuta "na yi tafiya" da allin ɗinki a ƙofa. Baba ya yi fiye da abin da ya faɗa, jikansa ya turo ya tarye ni a tasha. Baba, Allah Ya ƙara girma, Ya bar zumunci. Da marece yaron ya sa ni a jirgi, na zauna a tsakiya na riƙe gefe da gefe yadda na riƙe hannun kujerar asibiti, ruwa na shigowa ta ƙasa yana kwashewa da gwangwani, shaddata ta jiƙe sharkaf. Farfesun tarwaɗa kwano biyu na ci. Mutumin Jega, ka yi haƙuri.

Lahadi bayan asuba muka gangara, na naɗe baki kamar Buzu. Hazon na nan yadda Baba ya ce, sai dai a idon tela ba alawayyo ba ne, ya fi kama da farin leshi, don ana hango itatuwan tsallake ta cikinsa. Na zauna a kan gaɓa. Ban san kunnena na yawo da ƙarar keke ba sai da na zauna inda babu ita. Wani kifi ya yi tsalle kusa da ƙafata har na zabura, yaron ya ce ai wannan ɗa ne. Sai ga wani tsuntsu baƙi da fari ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike wuri ɗaya, ya faɗo ruwa kamar an jefo dutse, ya tashi da ɗan kifi a baki. Sau huɗu ya yi ina ƙirgawa, biyu ya samu, biyu ya tashi a banza. Na kwance rawanin na ja iskar sanyi ta baki da gangan, ina jiran allurar nan ta sauka a kunne. Shiru.

Kwana biyun dai ɗaya ya koma. Kafin in shiga gidan tarihi uwar amarya ta kira, wai zif ɗin rigar kamu ya ɓalle, ƙarfe huɗu za a sa. Na kama mota.

Yanzu na rataya ɗan ƙaramin almakashi a wuya da igiya, sukari ya koma cokali biyu. Jiya dai na kama kaina da zare a baki, almakashin na lilo a ƙirjina. Anti, tambaya ɗaya: in na rufe baki wurin cikon ke fara haɗuwa kafin sauran haƙora. Zai lotsa da kansa ne?

Anti Nas:

Tudu ya yi. Kada ka jira shi, in ka daɗe kana cizawa a kai haƙorin zai fara tsami. Ka koma, za a ba ka wata 'yar takarda mai launi ka cije, inda ta yi shaida a goge, babu allura, minti biyar ne. Ka sa su duba gurbin na ƙasan ma, don maƙwabtansa kan karkato ciki in an bar shi shekaru. Cokali biyun nan kuma a mayar da shi ɗaya.